Bahaguwa, Motar da Muka Zaɓa Don Laka

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kafin a haifi yawancinku, kuma na gaji da jin ta. In yaro ya miƙa hannun hagu zai karɓi abu, sai uwarsa ta buge hannun ta ce kada ya zama Baba Sale. Kwanan nan ma na ji matar ɗana Kabiru ta faɗa wa ɗanta haka, ita da ko hoton mutumin ba ta taɓa gani ba. Ban ga laifinta ba, don abin da ta tarar ke nan. Amma ni ina zaune kusa da shi ranar da abin ya faru, kafaɗata na gogar tasa, kuma cikin waɗanda suka gani da idonsu ni kaɗai na rage. Saboda haka zan rubuta muku yadda aka yi, tun daga zaɓen motar, don a daina tsorata yara da sunan yayana.

Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa muke kira Malam, mai goro ne. A Legas aka haife shi, a Agege ya tsufa. Kano kuwa sau ɗaya ya taɓa ganin ta, amma in ka ji yana ba da labarinta sai ka rantse da shi aka gina ganuwar. Aikinmu shi ne mu shiga gonakin Yarabawa mu sayo goro, 'yan dako su ɗauko a ka zuwa gida, mata su wanke su ware, a ɗaure shi cikin huhu da ganye, a kai tasha jirgin ƙasa ya wuce da shi Arewa. Goro ba ya son jira. In ya daɗe a hanya sai ya ɗauki zafi, in kuma tarago ya tashi ba kayanka a ciki, sai ka zauna kana kallon huhunanka kana yayyafa musu ruwa kamar masu jinya. Ga shi kuma goro yakan fara nuna tun ruwan sama bai gama ɗaukewa ba, lokacin da hanyoyin gona suka zama taɓo har gwiwa.

Mafi kyawun goron da muke samu daga gonar Baba Ajayi yake fitowa, a wani ƙauye can bayan Iyana Ipaja, a kan tudu, sai ka ƙetare rafi ka hau gangare kafin ka kai. Shi da Malam sun wuce mai saye da mai sayarwa. A gidansa ma aka haifi Yaya Sale, don Inna ta raka Malam wani biki da tsohon ciki, ruwa ya cika rafi ya tsare su, naƙuda kuma ba ta jira rafi ya janye ba. Ranar suna Baba Ajayi ya dasa itacen goro ya ce na jaririn ne. Tun daga nan bai taɓa kiran Yaya da sunansa ba, sai dai omo mi, wato ɗana. Ni da na zo daga baya Idi kawai nake a bakinsa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan ci mini rai ina yaro. Suna da wata al'ada tasu: kowace shekara, goron da aka fara tsinka daga wannan itace, tsohon da kansa yake miƙa wa Yaya. Yaya kuma ya kwanta rub da ciki irin gaisuwar Yarabawa, ya tashi ya karɓa da hannu biyu, sannan a fara maganar ciniki. Kafin a yi wannan, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga gonar.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo Yaya ya shiga soja, aka koya masa tuƙi, aka kai shi Burma. Duk shekarun da ba ya nan tsohon bai yarda ya ba kowa goron farkon nan ba, ko Malam. Yakan ɗaga shi sama ya kira sunan da yake kiran Yaya, ya ajiye. Allah ya dawo mana da Yaya da ƙafafunsa da hannayensa, amma mutumin da ya sauko daga jirgi ba shi ne wanda muka raka ba. Ya rame, zazzaɓi na kayar da shi yana tashi, kuma bakinsa ya mutu. Shi da a da in yana tsakar gida ba a jin muryar kowa, ya koma zama a bakin zaure yana kallon layin dogo. Tafiyar ƙasa zuwa ƙauye ta fi ƙarfinsa a watannin nan, sai saƙon gaisuwa kawai ke kai da kawowa tsakaninsa da tsohon. Da ya fara samun sauƙi kuma, sai muka ji yana maganar wai abokansa na soja sun samu aikin tuƙi a Apapa, wajen tashar jiragen ruwa, ana ba su ɗaki a can.

Inna ce ta fara tayar da maganar mota. Ta kawo wa Malam hujjoji irin na kasuwa, cewa 'yan dako sun yi wuya, goro na lalacewa a hanya, wane da wane sun riga sun yi gaba. Malam ya saurara yana gyaɗa kai, don shi ma ya daɗe yana jin haushin wani maƙwabcinmu da ya sayi lori yana ajiye ta a ƙofar gida yara na taɓawa. Ni kuwa da ta same ni ni kaɗai, ba ta yi mini zancen goro ba.

"Idi, ɗan'uwanka yana nan amma ba ya nan," ta ce. "In ba a ba hannunsa abin riƙewa ba, wata rana za mu tashi mu ga tabarmarsa a naɗe. Ka tsaya masa a wajen Malam."

To, ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar. Mu ba don goro kaɗai muka tafi neman mota ba. Mun tafi ne neman abin da zai zaunar da Yaya Sale a gida.

A lokacin ana gwanjon motocin da soja suka gama da su a wani fili a Apapa. Mu uku muka je, Malam da babbar rigarsa ta Juma'a, ni da bakina na ciniki, Yaya da tsohon wandonsa na kaki. Muna shiga idon Malam ya faɗa kan wata lori, doguwa, mai fuska kamar ta bijimi. Ya zagaya ta, ya bubbuga jikinta, har ya fara lissafa huhu nawa za ta ɗauka. Ni kuma raina ya kwanta da wata kitika, ƙaramar motar kaya mai ƙofofi da gilashi, don na riga na hango kaina a ciki ina wucewa ta gaban gidan surukaina. Dillalin da ke bin mu, wani mai haƙorin zinariya, duk wadda muka kalla sai ya ce ita ce ta fi, oga. Yaya kuwa ya bar mu da shi. Sai muka ga ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin lorin, ya fito, ya shige ƙarƙashin kitikar, ya fito. A kowace yakan kafa gwiwar hannunsa a ƙasa ya ga inda yatsunsa suka kai a cikinta. Ya sa yatsa cikin zanen tayoyin, ya tura kowace da kafaɗa ya ji nauyinta. Daga nan ya wuce mu zuwa ƙarshen fili, inda aka jera waɗansu ƙananan motoci marasa ƙofa, marasa rufi sai tamfol, waɗanda ake kira jif. Ya daɗe a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, ya fito da ƙasa a gashinsa, kuma a karo na farko tun dawowarsa na ga haske a fuskarsa.

Malam ya ce wannan ai akwati ce aka sa wa ƙafa, ko akuya ba zai ɗora a kai ba balle goro. Nan ne Yaya ya yi magana, doguwar da ba mu ji irinta ba a shekarar.

"Malam, lorin nan ta titi ce. Tayoyin baya kaɗai ke tura ta, kuma in ta nutse a hanyar Baba Ajayi sai dai mu bar ta can kaji su yi ƙwai a ciki. Ta Idi kuwa cikinta ya yi ƙasa, kututture ɗaya zai farke shi. Wannan duka ƙafafunta huɗu suna ja. Ga ta siririya, za ta bi tsakanin itatuwa. In ma ta kafe, mutanen ƙauye za su ɗaga ta da hannu. Na ga lakar da ta fi tamu, kuma da irin wannan muka fita."

Dillali ya yarda a gwada ta a wata fadama da ke bayan filin. Na hau kusa da shi, Malam ya tsaya a tudu yana riƙe da bakin rigarsa. Abin da na gani ran nan ban manta ba. Yaya ya ja wata ƙaramar sanda a ƙasa, motar ta canza murya, ta shiga taɓon nan tana tafiya a hankali kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu, ba ta tsaya ba har ta fita ɗaya gefen. Amma da muka zo hawa wani ɗan tudu ya sassauta totur, sai na ji ƙarar ƙarfe, sandar giya ta yi tsalle ta fita da kanta, motar ta fara zamewa baya. Ya cafke sandar ya mayar. Ya ce mini giyar ta ci, a kan tudu ko gangare dole mutum ya danne ta da hannu, birkin hannu kuma suna kawai ya rage masa. Na tambaye shi ko wannan ba zai zama matsala ba. Ya ce hannunsa na nan, kuma sauran da ke filin duk sun fi ta ciwo. Muka dawo, na tsaya masa kamar yadda Inna ta ce, na bar kitikata da gilashinta. Malam ya yi ta gunaguni har muka gama ciniki, yana cewa ya zo sayen sa an haɗa shi da tunkiya.

Mun duba tayoyi, mun duba tsayin cikinta, mun duba nauyi da faɗi da inji. Abu ɗaya ne ba mu ɗauka a bakin komai ba, kuma Inna ce ta gan shi tun motar ba ta gama tsayawa a ƙofar gida ba. Ta fito da mayafinta, ta zagaya, ta ga Yaya zaune a gefen da ba nan direbobin Legas ke zama ba, don a wancan zamani sitiyarin motocin ƙasar nan a dama yake, na wannan kuwa a hagu.

"Af, ashe bahaguwa kuka sayo," ta ce. "To Sale, in mutum ya tsaya a gefenka, da wane hannu za ka gaishe shi?"

Aka yi dariya, har da Malam. Sunan ya bi ta, duk zangon Agege ba mai kiranta sai Bahaguwa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da gidanmu ya gani bayan yaƙi. Yaya ya bar bakin zaure. Kullum yana ƙarƙashin motar ko a kanta, yana waƙa, yana aiken kowa ɗauko ruwa. Ya ƙera mata akwatin katako a baya don kwanduna, ya nemi sarƙa da igiya da falankan katako saboda laka. Giyar ce kawai ta gagara, don makanikan Ebute Meta sun ce sai an samo haƙoranta daga wata matacciyar jif, kuma ba a samu ba. Maganar Apapa ta mutu. Inna ta fara ƙara masa tuwo yana cinyewa. Da saƙo ya zo cewa goro ya nuna, Yaya ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga, ya ce da kansa zai kai Malam, Baba Ajayi ya ga ɗansa ya dawo da abin hannunsa.

Ran da muka tafi an kwana ana ruwa. Malam na baya a kan buhun gishiri da muka ɗauko na tsaraba, ni ina gaba. Bahaguwa ta yi duk abin da aka saye ta dominsa. Inda 'yan dako kan cire riga su ɗaura a ka, ta wuce. Inda lorin maƙwabcinmu ta taɓa kwana biyu a kafe, ta wuce. Har Malam ya fara cewa dama shi tun a Apapa ya ga alamar ƙarfi a jikinta. Muka shiga rafi ruwa har ƙafafunmu, muka fito, muka kama gangaren da ke hawa ƙauye, jar ƙasa mai santsi kamar sabulu. Mota ba ta taɓa hawa wurin ba. Yaran ƙauye da suka ji ƙara suka fito daga cikin gonaki, suka biyo mu a guje suna ihu, waɗansu na riƙe da akwatin baya, waɗansu ƙanana na tafe dab da tayoyi.

Muna tsakiyar hawan sai ga Baba Ajayi. Bai iya jira a gida ba. Ya sa farar agbadarsa, babbar rigar Yarabawa, ya gangaro da sandarsa, mutane na biye da shi, ya tsaya a kan hanya ta gefen direba. Dole Yaya ya tsaya. Ya taka birki, birkin ya sha ruwan rafi bai kama ba. Na ji motar ta ɗan ja baya, na ji muryoyin yara a bayanmu. Ya riƙe ta da inji, ƙafa ɗaya a kan kuloci ɗaya a kan totur, hannunsa na dama ya danne sandar giya, ina ganin jijiyoyin hannun sun tashi, sandar na harbawa tana neman fita. Tsohon bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ɗansa kawai ya gani. Ya jingina sandarsa a jikinsa, ya ciro goro daga aljihu, ya miƙo da hannu biyu, hawaye na bin fuskarsa, yana cewa omo mi, omo mi.

Yaya ya dubi goron, ya dubi tsohon. In ya sauka, ko ya ɗaga hannun dama, motar za ta koma kan yaran. In ya ƙi karɓa, ya bar tsoho da hannu a miƙe a gaban mutanensa. Sai ya saki sitiyari ya karɓa da hagu, yana zaune, ya ce da ƙarfi cikin Yarabanci, Baba ku matsa. Ya ba ta wuta. Tayoyin suka watsa jar laka a kan farar agbadar tun daga wuya har ƙasa.

Muna kaiwa kan tudu ya kashe ta, ya sa dutse a taya, ya ruga da gudu zai koma ya kwanta a gaban tsohon. Amma tsohon ya riga ya bi wata hanya ta cikin gona zuwa gidansa. Ku da kuka tashi a nan kun san hannun hagu a wajen Yarabawa, kun san shi a wajenmu. Malam ya sauko, ya tsaya a gaban Yaya a idon duk ƙauyen.

"Abin da ka koyo a Burma ke nan? Mutumin da ya yanka maka ragon suna?"

Na shiga tsakani na fara bayanin giya da birki da yara. Malam ya ce ba ƙarfe ya tambaya ba. Yaya kuwa ya sunkuyar da kai, goron na cikin hannunsa. Da yamma ya je ya kwanta a ƙofar ɗakin tsohon, ni kuma na sake maimaita bayanina, wannan karon da Yarabanci. Baba Ajayi ya saurare ni har na gama, cikin ladabi, kamar yadda ake sauraron baƙo. Mutumin da bai taɓa shiga mota ba, me zai gane a zancen sandar da ke fita da kanta? A kunnensa ƙane ne ke kare wansa. Ya ce ba komai, abin ya wuce. Ya ce Sale ya tashi. Da Sale ya kira shi, ba omo mi ba, kuma duk wanda ke wurin ya ji bambancin.

Ba a fasa ciniki ba, kada ku yi zaton haka. Tsohon ya ci gaba da ba mu goronsa, Bahaguwa ta ci gaba da fito da shi, ba mu ƙara rasa tarago ba, kuma rufin kwanon da ke kan wannan gida daga bayanta ya fito. Ta fuskar laka ba a taɓa yin zaɓin da ya fi namu ba. Amma a shekara ta gaba ɗan tsohon ne ya kawo goron farko a cikin kwando tare da sauran, ba wanda ya ware shi. Malam kuma bai iya barin maganar ba, duk baƙon da ya zo sai ya ji ta, har ta zama abin da kuka gada. Yaya ya koya mini tuƙi a natse, ya nuna mini yadda ake danne sandar, ya tsaya har na samu lasin. Wata safiya ya miƙa mini makulli, ya durƙusa ya sallami Inna, ya tafi Apapa ya kama tuƙin manyan motoci zuwa Arewa. Ba faɗa, ba hayaniya. Inna ta shiga ɗakinsa ta tarar da tabarmar a naɗe, kamar yadda ta faɗa. Ta zauna a kanta ta yi kuka, ni ma na yi. Yakan zo da salla ya gaida mutane ya koma a ranar.

Shekaru suka wuce, har wata damina aka aiko cewa Baba Ajayi ba shi da lafiya, ana so a kai shi asibiti, kuma ba abin da zai iya shiga ƙauyen sai Bahaguwa. Na je. Aka zaunar da shi a gaba kusa da ni, ɗansa na baya yana riƙe da kafaɗunsa. Ita ce shigarsa mota ta farko. Da muka kama gangaren nan za mu sauka, santsi ya yi yawa, motar na jan gindi, ina bukatar hannuwana biyu a kan sitiyari. Na ce wa ɗan ya miƙo hannu ya danne mini sandar. Kafin ya motsa sai tsohon ya ɗora nasa hannun a kai. Muna tsakiyar gangaren, daidai inda ya taɓa tsayawa, sandar ta harba. Na ce Baba ku danne, in ta fita sai rafi. Ya danne da ɗan ƙarfin da ya rage masa, tana dukan tafin hannunsa, har muka sauka muka ƙetare. Na tsaya a ɗaya gefen don birki ya tsane. Bai ɗauke hannun ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Haka ta yi ran nan?"

Na ce haka ta yi, Baba.

"Yaran kuma suna baya."

Na ce suna baya, har da jikokinku.

Shi da ke zaune a dama, sandar ta faɗo masa ne ta hagu, kuma sai a lokacin ya lura. Ya ɗaga hannun ya juya shi, ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ka ga ni ma da hagu ta sa na kama ta," ya ce. "Idi, ina omo mi yake?"

Na ce yana hanyar Arewa da kaya. Ya laluba aljihun agbadarsa, don bai taɓa fita ba goro a jikinsa, ya ciro guda ɗaya ya ce na itacen ne. Ya ce in kai masa, in ce ya zo. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne sauƙin abin. Duk bayanin da na yi ta zubawa da harsuna biyu, ashe ɗora hannu ɗaya a kan ƙarfe ya isa, kuma motar tana zuwa ƙofar gidansa kowace kaka, ba wanda tunanin ya zo wa. Na aika saƙo ta bakin direbobi, amma a wancan zamani mota in ta tafi Arewa da damina sai ran da Allah ya dawo da ita. Tsohon bai fito daga asibitin ba. An binne shi Yaya na can bayan Jebba yana jiran hanya ta buɗe.

Na lulluɓe goron da ganye ina yayyafa masa ruwa har na ji ya dawo. Na same shi a Apapa cikin layin motoci, yana ƙarƙashin tasa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya fito, muka gaisa, ya ce ya ji rasuwar. Na ba shi labarin gangaren tun daga farko, ban rage komai ba, har da sunan da tsohon ya kira shi da shi. Yana tsaye yana kallon ƙasa. Da na ciro goron na miƙa masa, sai ya ce in dakata. Ya tafi wajen wani famfo, ya wanke hannuwansa da sabulu da yashi, ya daɗe yana wankewa, ya goge a jikin rigarsa. Ya dawo, a gaban direbobi da masu sayar da abinci, ya kwanta rub da ciki a cikin ƙurar nan da baƙin mai, ni ƙanensa ina tsaye a kansa na rasa inda zan sa kaina. Sannan ya tashi a kan gwiwoyinsa ya miƙo hannu biyu.

Na gaya wa Malam duk wannan, bai ƙara ba da labarin ba har ya rasu. Amma labarin ya riga ya fita daga hannunsa, ya shiga bakin mata da yara. Yaya bai dawo gida da zama ba, ya saba da hanya, a can kuma ya ƙare kwanansa. Bahaguwa ta mutu a bayan gidan nan, waɗansunku sun yi wasa a cikin gangar jikinta. Ban hana ku koya wa 'ya'yanku karɓa da dama ba, ku koya musu, haka ya kamata. Sai dai in kun buge hannun yaro, ku bar sunan yayana a waje. Hannunsa na dama ran nan yana riƙe da 'ya'yan mutane ne.